Inci Ɗaya da Rabi

Auta ta riƙe sandar Baba a hannu ɗaya, ɗayan kuma ta tallafe shi har suka hau matakala ta ƙarshe. Sau uku yana tsayawa, wai yana duba fentin bango.

Wata huɗu ke nan da tirelar siminti ta kwashe shi a kan babur, a hanyarsa ta zuwa shagon ɗinkinsa. Ƙugunsa ya karye. An yi masa aiki ɗaya, likita ya ce sai an sake wani, in ba haka ba shi da keken ɗinki sai kallo. Kamfanin motar ya ɗauki nauyin aikin farko, a kan na biyu kuma ya aiko da takarda. Ita suka kawo wa lauyar da ke taimakon waɗanda manyan motoci suka raunata.

Ofishin ɗan ƙarami ne, fanka na kaɗa takardu, an danne su da kofin shayi. Lauyar ta karanta, ta cire tabarau.

"Baba, wakilin kamfanin ya zo duba ka a asibiti?"

"Sau uku. Mutumin kirki, har da lemo."

"Me ya tambaye ka?"

"Ya ce yaya jiki."

"Ka ce masa me?"

Baba ya dube ta da mamaki. "Me ake cewa, 'yata? Na ce da sauƙi."

"To, shi suka rubuta. Sun ce kai da bakinka ka shaida sau uku cewa ka samu sauƙi, don haka babu buƙatar wani aiki."

Baba ya yi dariya har sai da ya dafe ƙugu. "Ai ko mai shirin cikawa ka tambaya, da sauƙi zai ce maka."

"Ni na sani, su ma sun sani. Amma takarda ba ta san gaisuwa ba. Ina da rahoton likita, saura naka bayanin." Ta ɗauki biro. "Yanzu tsakani da Allah, yaya jikin?"

"Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Ta ajiye biron. Ta sake tambaya ta wata hanya: yana barci? Yana yi. Ciwo fa? Ba a rasa ba. A ina? Nan da can.

"Wanda aka zaro da rai daga ƙarƙashin tirela," in ji Baba, "in ya zauna yana lissafa ciwo, ai ya yi wa Allah butulci."

Auta tana gefe, tana murza bakin mayafinta. Ba ta saba magana a gaban manya ba, balle a ofis. Amma ita ke wanke kayan Baba, ita ke shanya su, kuma ta ga abin da igiyar shanya ta nuna mata.

"Anti," ta ce, muryarta can ƙasa, "ki tambaye shi wandonsa."

"Ke, Auta!"

"Baba, ka yi haƙuri." Ba ta ɗago kai ba. "Duk wandunansa ya rage musu ƙafar dama. Da hannu ya yi, da allura."

Lauyar ta leƙo ta kan tebur ta dubi ƙafafunsa. "Ikon Allah. Ni ban ga bambanci ba. Anya an rage?"

Nan fa aka taɓo tela. Baba ya gyara zama.

"Ba za ki gani ba mana, ai aikin ke nan. Shekara talatin ina wannan sana'a." Ya zaro tef daga aljihu, ya miƙa wa Auta. "Auna mata, fara da hagu. Daga ƙugu, ba daga nan ba, sama kaɗan. Nawa?"

"Arba'in."

"Dama fa?"

"Talatin da takwas da rabi."

"Kin ji. Inci ɗaya da rabi. Tef ba ya ƙarya."

Biron lauyar ya fara tafiya. "Me ya sa da hannu, Baba? Ina keken?"

Ya karɓi tef ɗin, yana naɗe shi a yatsa.

"Da, kafin azahar na gama riga uku. Yanzu in na taka, ko hannun riga ɗaya ban kai ƙarshe ba sai ƙafar ta ɗauki rawa, ɗinkin ya karkace. Ni kuwa ban taɓa ba mutum karkataccen ɗinki ba." Ya sa tef ɗin a aljihu. "Na lulluɓe keken da zane."

Auta ba ta taɓa jin ya faɗi wannan ba, ko ga Inna. Lauyar ta karanta masa abin da ta rubuta, ya saurara kamar mai duba aikin almakashi, ya gyara mata wuri ɗaya, sannan ya sa hannu.

Suna tsakiyar saukowa wayarsa ta yi ƙara. Auta ta duba, ta ce wakilin kamfanin ne. Baba ya jingina da bango ya amsa, aka gaisa, aka tambayi iyali.

"To Baba, yaya jikin?" Muryar ta fito har Auta na ji.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba, "da sau..."

Ya dubi Auta. Ita kuma ta dubi ƙafarsa ta dama.

"Da saura," ya ce. "Inci ɗaya da rabi."