Randar Bayan Gida

A shekararmu ta biyu a kwalejin kiwon lafiya aka tura mu ƙauye, mu yi mako shida muna farautar 'ya'yan sauro. Aikin ba wuya. Ka shiga gida da tocila, ka leƙa kowace randa da kowane ɓawon kwakwa da ya tara ruwan sama, ka rubuta a takarda "akwai" ko "babu". Ni da Loc aka haɗa, aka ba mu layin gidajen bakin rafi, inda zazzaɓin denge, wanda sauro yake yaɗawa, ya kwantar da mutum huɗu cikin wata guda.

Loc dogo ne siriri kamar gora, bakinsa ba ya hutawa. Denge ta taɓa kama shi yana sakandare, kuma dukanmu mun haddace abin da Malam Khoa yake nanatawa a aji, cewa kamu na biyu ya fi haɗari, shi ne yake sa jini ya tsiyaye ta ciki. Amma a ce Loc ya sa riga mai dogon hannu a wannan zafin? Sai dai wani.

"Sauro ya ɗanɗana ni, bai ji daɗi ba," in ji shi. "Ke dai rufe jikinki, Tuyen, ke ce mai zaƙi."

Gidan ƙarshe a layin na Kaka Bay ne, tsohuwa mai zaman kanta ita kaɗai. Randunanta tara suna jere ƙarƙashin indararo, kowace da murfinta, tsaf. Ta goma tana bayan gida cikin ayaba, gefen kabarin 'yarta Nhan, wadda ta rasu shekara ashirin da suka wuce. Murfin katakon ya ruɓe ta gefe, har hannu zai iya shiga. An kife kofi ɗaya a kansa.

Na miƙa hannu ke nan, Kaka ta ce, "A'a, wannan a bar ta. Ta Nhan ce. Da tsakar rana take zuwa sha, kuma ba ta son a taɓa mata."

Loc ya yi dariya. "Haba Kaka, leƙawa fa kawai za mu yi, ba shanyewa ba."

Ko kallonsa ba ta yi ba, ni ta tsura wa ido. "Jikata, ke da ganinki kin fito gidan mutunci. Kin san abin da ya dace."

Rana tana tsaka. Kukan ƙwarin da ya cika lambun ayabar ya ɗauke ɗif, kamar an rufe masa baki. Na dubi kofin, sai na ga jiƙe yake, ɗigon ruwa yana gangarowa daga bakinsa zuwa kan katakon. Alhali fiye da sa'a guda Kaka tana tare da mu a gaban gida, tana ba mu shayi. Tsigar jikina ta tashi. Ba zan ɓoye ba, tsoro ne ya kama ni. Ga shi kuma a gidanmu ba a koya mini musu da tsohuwa a kan mamacinta ba. Na ɗaga biro na rubuta "babu".

"Matsoraciya," Loc ya raɗa mini, yana marin damtsensa inda wani abu ya cije shi. "Gobe sai ki buɗe asibitin fatalwa."

Sau uku muna komawa gidan, sau uku ina rubuta "babu". Kowane zuwa Loc sai ya tsaya cikin inuwar ayabar nan yana tsokanar Kaka, wai ta gaishe masa da Goggo Nhan, ko tana neman miji.

Kwana shida bayan zuwanmu na uku zazzaɓi ya kayar da shi, aka ɗauke shi a kwalekwale zuwa asibitin gunduma. A kwana na biyar da fara zazzaɓin ya kira ni a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Zafin ya sauka, malama. Ki ajiye mini rabona na miyar taliya."

Na yi dariyar dole. Ni da shi duk mun san darasin: lokacin da zafin denge ya sauka, lokacin ne ake jin tsoro.

Da yamma Malam Khoa ya baza takardunmu a kan tebur. "Gida talatin da ɗaya, duk babu, babu, amma mutane suna ta kwanciya. To daga sama sauron yake faɗowa?" Na sunkuyar da kai.

Washegari na biya kasuwa na sayi ƙananan kifayen nan masu cin 'ya'yan sauro, waɗanda muke raba wa mutane su zuba a randa. Na isa gidan Kaka Bay wajen ƙarfe goma sha biyu, ledar a hannuna.

"Kaka, ba zan zubar da ko ɗigo ba. Kifi na kawo wa Goggo Nhan, su riƙa taya ta zama."

Fuskarta ta washe. "Kifi? Ai Nhan tana son kifi kamar me! Me ya hana ki kawo tun farko, 'yar nan?"

Maganar nan ta soke ni. Ashe abin da zan faɗa ke nan tun ranar farko, shi ke nan.

Ita da kanta ta ɗauke murfin ta aje a ƙasa. Sauro ya taso mini a fuska kamar hayaƙi. Na haska tocila, na ga ruwan baƙi ƙirin, yana motsi da 'ya'yan sauro ba iyaka. Na juye kifayen. Na sunkuya zan ɗauko murfin, sai na tsaya cak. Kofi biyu ne a kansa, kuma duk biyun jiƙe suke.

"Kaka, na biyun fa? Na wane ne?"

"Au, na abokinki ne mana, dogon nan mai surutu. Ɗazun nan ya shigo, ana gab da tsakar rana, ya ce ƙishi yake ji. Na ce ga randunan gaba, ya ce a'a, ta bayan yake so." Ta girgiza kai tana murmushi. "Yau dai bai tsokane ni ba. Shiru yake, kamar ba shi ba."

Kukan ƙwari ya ɗauke. A cikin aljihuna waya ta fara rawa. Na ciro ta, na ga sunan mahaifiyar Loc. Na tsaya gefen randar ina kallon sunan, na kasa ɗagawa.