Ranar da Mama Ta Hau Tudun Maryamu

Ni ban taɓa ɓoye wa kowa ba: uwata 'yar Katolika ce, kuma ita ta ɗinka min hijabina na farko da kekenta a Zonkwa. Kowa Munirat yake ce min, ita kaɗai ce har yau take kira na Monika. Muhyiddeen ya san duk wannan kafin ya aure ni. Ya ci tuwonta, ya sha kununta, sannan ya ɗauko ni ya kawo ni Madina, inda yake karatun hadisi a jami'a. Don haka kada wani ya ce min bai san gidan da ya shiga ba.

'Yarmu Zulfa sikila gare ta. A nan aka haife ta, Mama ba ta taɓa goya ta ba, sai dai ta gan ta a waya. Bayan kwanciyar da muka yi a asibiti kwanan baya, Mama ta kira ta ce matan cocinsu sun ɗauki hayar mota za su wani tudu a Binuwai, inda suka ce Maryamu ta bayyana ga wata yarinya, kuma ita ma za ta. Na ce, Mama, da waɗannan gwiwoyin? Matar da ko kwata za ta tsallake sai an riƙe mata hannu. Ta ce gwiwarta ce, ba tawa ba.

Ban yi mata kwana-kwana ba. Na ce ni ban yarda wani ya bayyana a kan wani tudu ba, kuma Allah kaɗai nake roƙo. Ta yi dariya ta ce ta sani, ba yau ta haife ni ba. Abu ɗaya take so: idan ta kai sama za ta ari babbar wayar Madam Sisiliya, shugabar matan, ta kira ni, in ɗaga mata fuskar Zulfa ta gani kafin ta yi addu'arta. Ba ta ce in ce amin ba. Na yi mata alkawari.

Da na gaya wa Malam, mijin nawa, yana cin abinci ne. Ya tauna, ya haɗiye, ya ce Allah ya kai mu. Ni kuwa wawiya, na ɗauka amincewa ce.

Ranar ta zo. Ya fita jami'a da sassafe, na yi wa Zulfa wanka, na yi mata kitso biyu, na sa mata jar rigarta don kakarta ta gan ta fes. Na juya in ɗauki waya, babu waya. Na ɗaga katifa, na zazzage kwandon wanki, wallahi har firji na buɗe. Na tsare yarinya ina tambayarta inda ta jefa min ita, tana ce min "ma adri, ma adri" da Larabcinta, wato ba ta sani ba, har na daka mata tsawa ta fashe da kuka. Yarinyar da ba ta gama farfaɗowa ba. Wannan ma yana cikin abin da har yanzu yake ƙona min rai.

Na sauka wurin Hajiya Fatna, mai gidan da muke haya, tsohuwar Bahaushiya haifaffiyar Madina. Na ari wayarta na kira ƙaramar wayar Mama, a kashe, dama ta fi zama a mace. Lambar Madam Sisiliya kuwa tana cikin tawa. Na kira Malam, ta yi ta ringi bai ɗauka ba. Hajiya ta ce in hau sama in kasa kunne, ita za ta kira lambata. Na hau, na tsaya tsakiyar ɗaki, tsit kake ji. Da na sauko ta ce ai tana shiga, ba a dai ɗauka ba. Ta dube ni, ta ce ma'alesh ya binti, wato yi haƙuri 'yata, ta tura min kofin shayi. A nan na gane inda wayata take, kuma shayin nan ban iya shan sa ba.

Haka na wuni ina safa da marwa tsakanin taga da ƙofa, zuciyata tana tafasa.

Sai bayan la'asar ya shigo da ledar burodi. Ya ajiye ledar, ya ciro wayata daga aljihun jallabiyarsa ya ɗora a kan tebur, salin-alin, kamar canjin cefane ya dawo da shi. Ya ce in yi haƙuri, ba ya son jayayya ne shi ya sa. Wai ya yi shawara da wani abokin karatunsa, wai ba zai yarda a ɗaga fuskar 'yarsa a gaban mutum-mutumi ba, wai tauhidin gidansa yake karewa.

Na ce ban hana shi kare komai ba. Gidansa ne, 'yarsa ce. Amma bakinsa ciwo yake yi?

"Da ka hana ni da baki, Malam, da na yi kuka na gama, na kira ta na ce kada ta jira. Ka bar tsohuwa ta hau dutse da alkawarina a hannu, kai kana can kana jin aljihunka yana rawa?"

Ya ce in rage murya, maƙwabta suna ji. Na ce su ji, ai ba sata na yi ba. Mutumin da yake tara ɗalibai a falon nan yana karanta musu babin kyautata wa iyaye har yana hawaye, ashe iyayen nasa kaɗai ake nufi. Ban ƙirga kiran da na tarar ba, sun cika fuskar wayar, duk daga lamba ɗaya. Na danna a gabansa.

Madam Sisiliya ce ta ɗauka, suna cikin mota, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta ce Mama ce ta ƙarshe da ta kai sama, rabin hanya da jan gindi ta yi ta. Da ta kai, mata suna durƙushe suna jan carbinsu, wasu suna ɗiban ruwa a jarka, ita kuwa ta tsaya a rana ta ɗaga waya sama tana kira. Aka ce ta zo ta yi addu'arta tukuna, ta ce a'a, sai ta ga fuskar yarinyar. Kowa ya sauka, direba ya yi ta hon, a ƙarshe maza biyu ne suka cicciɓo ta. Madam Sisiliya ta ce min, ki sani uwarki ta hau tudun nan ta sauko ba ta yi addu'ar da ta kai ta ba.

Sai fuskar Mama ta cika wayar, ɗankwalinta ya karkace, leɓenta ya bushe.

"Ba komai, Monika. Na gaya musu sabis ne. Ƙasar waje haka take."

Na ɗago ido. Malam yana gyaɗa min kai a hankali, yana roƙo na da ido in bar maganar a haka. Wato ita ta hau dutsen, ita kuma za ta ƙirƙiro mana uzuri, shi ya sha ruwa ya tafi magariba. Inaa.

"Ba sabis ba ne, Mama. Ga surukinki, shi zai gaya miki."

Na danƙa masa wayar a hannu. Ya gaishe ta, muryarsa can ƙasa. Ya yi gyaran murya, ya sake yi, sannan ya ce shi ya tafi da wayar, kuma yana sane. Na zaci za ta yi faɗa, har addu'a nake ta yi. Ta dai dube shi.

"To, Malam," ta ce. "Ɗago min yarinyar, caji ya kusa ƙarewa."

Na ɗauko Zulfa, kitson ya fara warwarewa, rigar duk ta yamutse. Na ɗaga ta saitin wayar. Mama ta ƙura mata ido, sannan ta rufe nata idon, leɓenta ya fara motsi, a nan kan kujerar mota, tsakanin jarkokin mutane. Hannun Malam ya fara yin ƙasa.

Na ce masa ya riƙe da kyau. Ban ce amin ba, amma ban bar shi ya sauke hannun ba sai da ta gama.