Salansar Tsawa

Mai walda ya fito daga ƙarƙashin motar yana kakkaɓe riga, ya dubi ɗan ƙanwarsa kamar ya kai masa mari.

"Wannan ai ba salansa ba ce, bututun ruwa ne. Wane mara hankalin ne ya ɗaura maka?"

Direban, wanda 'yan tasha suka laƙaba wa Tsawa saboda rurin motarsa, ya ce shi ya sa aka ɗaura. Kawun ya zauna ya yi masa karatu: ƙaramin inji da faffaɗan bututu ba sa shiri. Hayaƙi sai ya riƙa fita a kasalance, mota ta rasa ƙarfin tashi, ta yi ta zuƙar mai a banza. Baki har kunne, aiki babu. Ga shugaban tasha ya rantse in ba a mayar da siririn bututun yau ba, zai cire Tsawa daga layi, don fasinjoji sun gaji da saukowa suna turi.

Duk Tsawa ya san wannan. Abin da kawun bai sani ba shi ne, matar Tsawa da ke kwance a asibiti, a ɗakin masu tari, inda ba a barin kowa ya shiga, tagarta titi take kallo. Ko a waya tarin ba ya barinta ta yi magana. Ita ta aiko nas ta ce masa motoci duk ƙararsu ɗaya, ba ta gane lokacin da yake wucewa. Maganar ta ci masa rai, washegari ya sauya bututu.

Da Tsawa ya faɗa masa, kawun ya ce, "To in an cire ka, me za ku ci?"

"Kawu, layi ai ana komawa."

Tsawa ya karɓi makullinsa. A tasha shugaba ya leƙa ƙarƙashin motar, ya nuna masa ƙofa. Tsawa bai roƙi kowa ba.

A hawan da ke gefen asibitin motar ta sare kamar kullum, tana jan ciki a giya ta ɗaya, tana ruri. Na baya suka cika titi da hon da zagi. Tsawa ya leƙo, ya yi musu hannu su wuce. Da ma shi ba sauri yake ba.