Taraktar Odessa a Bakin Fadama

Odessa Tillery ta haura shekara sittin, kuma a gonar gidansu da ke gabashin jihar Karolina ta Arewa ta yi su duka. Ubanta ne ya haƙa magudanai ya tsotse ruwan fadamar don ya shuka waken suya, waken kuwa bai taɓa yin abin kirki ba. Da gonar ta dawo hannunta sai ta yi yarjejeniya da wani kamfani. Suka cike magudanan, suka mayar da rafin tsohuwar hanyarsa mai lanƙwasa, suka dasa itatuwa dubbai. Hukuma za ta yi shekara bakwai tana sa ido. Duk shekarar da ma'aikatanta suka zo suka ƙirga itatuwan da suka rayu, suka duba ruwa, suka gamsu, sai su saki wani kaso na maki. Makin nan kamfani ke sayar wa masu gina hanyoyi da suka cike fadama a wani wuri, Odessa ta karɓi rabonta.

Shekara huɗu aka yi lafiya lau. A ta biyar sai biba suka dawo, dabbobin ruwan nan masu sare itace da haƙori suna datse rafi. Suka datse shi daga ƙasa, ruwa ya taru har gwiwa, itatuwan wajen suka shaƙe suka bushe a tsaye.

Saura kwana takwas ma'aikatan hukuma su zo, Odessa tana shan shayi mai ƙanƙara a baranda ta hango motar Garrett Pruitt, wakilin kamfanin, tana jan tirela cike da itatuwa a tukwane, kowanne ya kai ƙirjin mutum. Ta ajiye kofi, ta hau tsohuwar taraktarta, ta je ta gindaya ta a ƴar hanyar da ke gangarawa fadama, ta kashe, ta zauna a kai.

Garrett ya sauko yana murmushi, ya cire hula.

"Barka da rana, Mis Odessa. Taraktar ce ta mutu?"

"Lafiyarta ƙalau, ta fi ni ma. Waɗannan baƙin naka fa?"

"Ƴan cike gurbi ne. Mu cire busassun, mu saka waɗannan, mu watsa musu tsohon ganye a gindi. Wa zai sani?"

"Za ka rubuta a rahoto cewa jiya-jiya aka dasa su?"

Ya sosa ƙeya. "In na rubuta ai ba za a ƙirga su ba."

"To ba a fafe gora ranar tafiya, Garrett. Juya da su."

Murmushin ya ɗauke. Ya ce yarjejeniya ta ba kamfani damar shiga fadamar duk lokacin da ya so. Ya ce in ba a saki makin bana ba, ba shi kaɗai zai ji a jikinsa ba, kuma ya ga rufin gidanta yana yoyo tun bara.

"Rufina ne, ni yake jiƙawa," in ji ta. "Hanya kuwa na san kana da iko da ita. Je ka kawo takarda daga kotu, in matsar da tarakta da hannuna. Amma ranar da suka zo ni zan shige gaba, in nuna musu kowane rami da ka haƙa."

"Mis Odessa, kowa haka yake yi."

"Tun kana zuwa nan kamun kifi da gajeren wando na san ka. Kada ka koya mini abin da kowa yake yi."

Ya mayar da hularsa ya koma mota. Da ƙyar ya juya tirelar, har ya taka mata shukar kabewa. Sai da ƙarar motar ta ɓace ta tayar da taraktar ta koma gida. Ba Garrett ne damuwarta ba. Ta riga ta yi wa mai gyaran rufi alkawarin watan Nuwamba, yanzu kuma sai ta kira shi ta janye.

Ranar dubawa mutum uku suka zo da dogayen takalman roba, shugabarsu wata ƴar siririya mai suna Lenore Haskins. Garrett ya so a fara da sama, inda itatuwa suka yi kyau. Odessa ta ce a'a, a fara da ƙasa tun rana ba ta yi zafi ba. Ta shige gaba da sandarta har cikin ruwan, ta tsaya a tsakiyar busassun itatuwa.

"Ga su nan. Ku ƙirga da kyau."

Suka ƙirga. Ko rabin abin da ake bukata bai rayu ba. Lenore ta rubuta, ta ce makin wannan yanki ba zai fita bana ba. Ta ƙara da cewa sai an kawo mai tarko ya kawar da biban, a fasa datsiyar, a sake dashe.

"Dashe na yarda," in ji Odessa. "Tarko kuwa ba a gonata ba."

Garrett ya rufe ido kamar mai ciwon kai.

"Mis Tillery," Lenore ta ce a hankali, "tsarin da aka sa wa hannu daji ya ce, ba tafki ba."

"Ku kuka ce a mayar da fadama yadda take a da. Ina ƙarama kafin Baba ya haƙa magudanai, da biba a nan, da agwagin daji, da komai. Kun kira fadama ta amsa, yanzu kuma kuna cewa ta zo da ƴan rakiya da yawa? Biyo ni ki gani."

Ta kai ta gefen ruwan, inda ƙananan itatuwa suka fito da kansu, ba wanda ya dasa su, sun yi cunkus kamar gashin kai. Lenore ta durƙusa, ta ja ɗaya a hankali ta ji saiwarsa ta kama ƙasa. Ta kira abokan aikinta, suka koma gefe suna magana ƙasa-ƙasa kusan rabin awa, sauro na cin kowa.

Bayan mako shida takarda ta iso. An saki makin yankin sama, an riƙe na ƙasa. Za a zura bututu ta cikin datsiyar a rage ruwan, a dasa irin itatuwan da ke jure tsayuwar ruwa, a rubuta ranar dashen a fili, a kuma ƙara shekara biyu ta sa ido. Maganar tarko an jingine ta sai an ga yadda bututun ya yi.

Kamfani ya aiko mata da wasiƙa mai zafi ta hannun lauya, ta karanta a tsaye ta jefa a aljihun tebur. Garrett ya yi wata huɗu ko gaisuwa ba ya yi mata a coci. Rabon da ta samu ya isa gyaran rabin rufin, ɗaya rabin ta ci gaba da tara masa bokiti.

A watan Fabrairu ya dawo da sababbin itatuwa, ƴan ƙanana kamar tsinke, da takardar izini a hannu. Ya tarar da ita a bakin hanya sanye da takalmin roba, riƙe da shebur.

"Yau ma tare mini hanya za ki yi, Mis Odessa?"

"Sauke kaya, surutu ya isa. Ta bakin datsiya za mu fara, kuma kai za ka shiga inda ya fi zurfi."

Ya naɗe wando ya shiga. Suka yi ta dashe har azahar.