Takin da Ke Ɓacewa a Tankin Umma

Shekara talatin da ɗaya Umma ta yi a ɗakin gwajin jini na asibiti, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa musanya kwalbar wani da ta wani ba. Kowa a gidan ya haddace wannan magana, don ba ta gajiya da faɗa. Da ta yi ritaya, autarta ta ga zaman banza zai ci ta, sai ta sayo mata tankin gilashi mai tsirran ruwa da 'yan kifaye takwas. Aka girka shi a falo, aka kafa doka: maigidan, tsohon bakanike, kallo kawai ne nasa.

Kifayen ba su dami Umma ba, tsirran ne suka shiga ranta. Ta gano cewa su ma sai da taki, kuma takin nasu na ruwa ne, da sirinji ake auna shi. In ya yi kaɗan ganye ya ɗashe, in ya yi yawa gansakuka ta rufe gilashi. Ga kuma 'yar kwalbar gwaji: a ɗebo ruwan tanki, a ɗiga magani, a girgiza. In akwai taki ruwan ya koma ja, in babu ya tsaya rawaya. Umma ta ji kamar an mayar da ita bakin aiki.

Wata uku komai na tafiya daidai, sai ganye ya fara ɗashewa. Ta gwada ruwan, rawaya. Abin ya ba ta mamaki, don ranar Litinin ta zuba taki, ga shi yau Alhamis. Ta ƙara awo, bayan kwana uku ta sake gwadawa, rawaya dai. Ta zargi maganin gwajin, ta sayo sabo. Ta ƙirga tsirran ɗaya bayan ɗaya, ta ga ko kwana suke suna ci ba za su cinye wannan takin ba, balle ga su a rame.

Da ta ba autar labari a waya, yarinyar ta yi dariya ta ce, "Umma, anya kina zubawa kuwa? Ko dai niyya kike yi ki manta?"

Da wasa ta faɗa, amma maganar ta zauna wa Umma a ƙirji. Mahaifiyarta da haka ta fara, ta sa gishiri sau biyu ta rantse ba ta sa ba, har ta kai tana tambayar 'ya'yanta su wane ne. Tsoro ya kama Umma sosai. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta shiga lura da kanta: ina ta ajiye makulli, ta kashe murhu ko ba ta kashe ba. Surutunta ya ragu, gidan ya yi tsit.

Sai dai mai gwaji ba ta yarda da zato, ko da a kan kanta ne. Ranar wata Litinin ta zuba taki, ta jira ya gauraye, ta ɗebi ruwan a kwalba mai murfi, ta rubuta rana da lokaci a jiki, ta ɓoye a kabad. Ranar Alhamis ta jera kwalaben gwaji biyu a kan tebur, ta ɗiga magani a kowacce. Ruwan tanki ya ba da rawaya. Ruwan kabad ya yi ja jawur.

Ta daɗe tana kallon jan nan. Ashe ta zuba. To ina takin yake zuwa? Taki ba shi da ƙafa, kifi ba ya shan sa, tanki ba ya yoyo. Sai dai ko wani ne ke taɓa shi in ta fita.

Washegari ta ɗauki jakarta kamar kullum ta fita tattakin safe. Ta kai kwanar layi ta juyo, ta buɗe ƙofa a hankali. Ga maigidan durƙushe gaban tanki, bakin tiyo ɗaya a ruwa ɗaya a bakinsa, yana zuƙa yadda ya saba zuƙo fetur daga mota. Bokiti ɗaya ya riga ya cika.

"Malam!"

Ya zabura, ya ƙware, ya tofar da ruwa a kan darduma. "Likita, har kin dawo?"

"Me kake yi wa tankina?"

"Juye nake masa," in ji shi, yana goge baki. "Ruwa ai kamar baƙin mai ne, in ya daɗe a inji sai ya lalace. Ke sai mako-mako kike canzawa. Ni kullum bokiti biyu nake cirewa, in mayar da mai kyau wanda ya kwana, kada ya cutar da kifin. Har layin ruwan nake daidaitawa don kada ki gane."

"Tsohon ruwan fa?"

Nan ya sunkuyar da kai, ya nuna baranda. Umma ta leƙa. Tumatir ɗinsa da ya shekara biyu yana fama da su a tsofaffin galan, waɗanda take yi wa dariya, ga su sun yi kore shar sun fi ƙarfin sandunansu, 'ya'ya reto-reto. Kullum tana wuce su, hankalinta na can kan kanta, ba ta taɓa tambayar abin da suke ci ba.

"Ranar da kika zubar da tsohon ruwa na roƙi bokiti ɗaya, kin tuna?" ya ce. "Cikin mako guda suka miƙe. Ban san me ke cikinsa ba, na dai ga yana aiki."

"Takina ne ke cikinsa." Ta so ta yi dariya, sai hawaye ya riga ta. Ta zauna a hannun kujera. "Wata guda ina zaton irin ciwon mahaifiyata ne ya kama ni. Ina zuba taki ina ganin babu, na ce shi ke nan, na fara mantuwa."

Tiyon ya suɓuce daga hannunsa. "Subhanallahi. Me ya hana ki gaya mini?"

"Tsoro nake ka ce ai kai ma ka lura."

Ya zo ya tsuguna a gabanta, gwiwoyinsa na ƙara. "Abu ɗaya na lura da shi. Kin daina yi mini faɗa. Na bar kofi a ƙasa, shiru, na shigo da takalmi, shiru. Ni kuma na ɗauka kin gaji da ni ne, na rasa ta inda zan tambaya."

Umma ta share ido da gefen mayafi, ta kalli tsohon nan nata da jiƙaƙƙiyar riga. Sannan ta ja numfashi, ta fara masa faɗa tun daga farko, shi kuwa yana tsugune yana saurare, bakinsa har kunne.