Soket Ɗin Yaya

Aradu mawaƙin gambarar zamani ne, ko da yake a gida har yau Auta ake ce masa. Situdiyonsa ɗan ɗaki ne a bayan shagon gyaran gashin yayarsa. Ya manne bangon da kwalayen ƙwai wai don kada sauti ya fita, sauti kuwa fita yake abinsa. Wutar ɗakin ma daga shagon aka jawo ta, ta ƙarƙashin ƙofa.

Ran nan gidan rediyo suka ce ya kawo sabuwar waƙa kafin yamma, in ya makara su ba wani. Damar da ya daɗe yana nema ke nan. Ya karkata hula, mai haɗa kiɗa ya saki kiɗa, gogan ya dira kan mata da zagin da ba ya maimaituwa.

Ɗif, wuta ta ɗauke.

Ya leƙa shago. Fanka na juyawa, Yaya na tsaye da filoginsa a hannu.

"Yaya, fasaha ce fa. Mawaƙi yana da 'yancin faɗin abin da ya ga dama."

"Wa ya hana ka? Baki naka ne, Auta. Soket nawa ne."

"Ai ba da ku nake ba, da mata nake."

Wadda ake wanke wa kai ta ɗago, kumfa har gira. "Mu kuma kujeru ne?"

Aka mayar da wuta, ya sake zagi, aka sake zarewa. Ya gwada raɗa, amma kunnen Yaya ko allura ta faɗi sai ya ji. Rana ta yi sanyi, hankalinsa ya tashi. Ya ce wa mai haɗa kiɗa ya yanke duk inda aka taɓa mata, a kai saura rediyo.

Aka yanke, aka kunna saura.

"Eh. Eh. Aradu ne. Eh." Sai wani tari da ya yi a tsakiya.

Kunya ta kama shi, ya koma shago hula a hannu. "Yaya, to me zan ce?"

"Ni gashi nake gyarawa," in ji ta. Ta danna filogi a soket. "Ga wuta nan, ba mai ƙara taɓa ta. Je ka faɗi duk abin da ka ga dama."

Ya tsaya gaban makirufo, kiɗa na tafiya. Ya buɗe baki. Har kiɗan ya ƙare, wuta ba ta ko ƙyafta ba, shi kuma bakin yana nan a buɗe.