Layin Inna Larai

Ruwan da aka kwana ana yi ya cika kwatamin Zongo, a ciki kuwa wayar Inna Larai ta faɗa. Ta kawo ta rumfar Tahirou mai gyara a ƙulle cikin gefen zane, tana ɗiga.

"Ɗan nan, wayar ba ta dame ni ba. Layin nake so. Muhuyi ba shi da wata lamba tawa sai wannan."

Kowa a unguwar ya san Muhuyi, autanta, ya bi hanyar Agadez tun bara. Lambarsa ba ta zama ɗaya, da wayar aro yake turo mata saƙon murya in ya samu sarari. Kwanan nan kuma shiru.

Tahirou mutum ne mai saurin hannu, yana kuma ji da hakan fiye da kima. Ya zare layin, ya goge, ya zura cikin modem ɗinsa, ya maƙala a kwamfuta.

"Zauna, Inna. Yanzu rezo zai hau, sabis ya kawo, mu ga ko ya turo wani abu."

Bai hau ba. Allo ya nuna ERROR. Ya yi tsaki, ya ɗora laifin kan damina, ya sake dannawa. ERROR. Ya miƙa modem ɗin wajen taga, ya sake.

Sai a lokacin ya buɗe jerin umarnin da modem ke karantawa kafin ya haɗu da intanet. Umarnin farko, ATZ, na nan lafiya. Sunan hanyar kamfanin waya ma daidai yake. A tsakaninsu ya hango abin da shi da kansa ya rubuta tun tuni don kada ya riƙa wahalar bugawa: AT+CPIN, ga lambar sirrin layinsa a gaba. Duk dannawar da ya yi, lambarsa modem ke miƙa wa layin tsohuwa. Kuskure uku layi ke ɗauka, shi kuwa ya cika su.

Ya tambayi modem halin da layin ke ciki. Amsa ta fito: SIM PUK. Wato layi ya kulle, sai da lambar buɗewa ta kamfani.

"Inna, katin da aka ɓalle layin daga jiki, yana wurinki? Lambar buɗewa na rubuce a kansa."

"Wane kati? Alhaji Badarou ne ya sayo mini. Ka san mu 'yan Najeriya ba mu da takardar ƙasar nan, da sunansa aka yi."

Haka ake yi a Zongo, mai masauki ke yi wa baƙinsa rajista da katinsa. Ofishin kamfani kuwa ba ya ba da lambar buɗewa sai mai sunan ya zo da ƙafarsa. Alhaji Badarou ya rasu da azumi, Tahirou na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Kunya da tsoro suka rufe shi. Ya so ya ce ruwa ne ya kashe layin. Za ta yarda, har addu'a za ta yi masa.

"Inna, ni na rufe shi. Ba ruwa ba ne. Gobe zan nemi 'ya'yan Alhaji mu je ofis, amma ban san ko za su karɓa ba."

Ba ta yi faɗa ba, shi kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta miƙo hannu, ya ɗora mata ɗan layin a tafi. Ta daɗe tana kallon layin.

"To in ya kira yau," ta ce, "me zai ji?"

"Za a ce masa a kashe take."

"Zai ɗauka na mutu ke nan."